Kurakuran masu koyar da taekwondo da kokowa a Damagaram

Tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa ta taekwondo a wasannin Olamfik na Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, yaron da ya shiga taekwondo burinsa ɗaya ne: ƙafarsa ta kai kunnen abokin karawa. Malamai da yawa kuma sai su biye masa. Nan ne babban kuskure yake. Wanda bai iya tsayuwa ba, bai iya taku da kare fuska ba, shurin sama ba abin da zai ja masa sai targaɗe. Dubi judo, wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882: faɗuwa ake fara koya wa sabon shiga, yadda zai sha ƙasa ba tare da ya dafa da hannu ya karye ba. Tsofaffin ƴan kokowarmu ma haka suke, ba sa nuna maka dabarar kaye sai sun ga ƙafarka ta kafu cikin rairayi. A ba tsayuwa da faɗuwa makonninsu, ko da yara sun yi gunaguni.

Sai malamin da ke zuwa fili ba shiri. Abin da ya kalla jiya a waya shi zai koyar yau, gobe kuma wani daban, ɗalibi ya shekara yana tsintar gutsattsari. Maganin wannan ɗan littafi ne na dala kaɗan. Rubuta darasin kafin ka fito: ɗumama jiki kamar minti 15, bitar na jiya, sabon abu guda ɗaya tak, a gwada shi biyu-biyu a hankali, sannan a miƙe jijiyoyi. Jerin Taegeuk guda takwas, wato tsararrun motsin da ɗalibin taekwondo ke haddacewa, ba a banza aka jera su ba, kowanne kan na bayansa yake hawa.

Haɗa ɗan shekara goma da ƙaton saurayi wai don ya yi zuciya, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A raba su bisa nauyi da daɗewa.

Zafi kuwa, kowa ya san Damagaram a Afrilu da Mayu, ya kan wuce digiri 40. Har yanzu akwai mai hana yara ruwa don su yi tauri, alhali jiri da suma kawai yake gayyatowa. A yi horo bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, kowa da gorarsa. Idan yaro ya bugu a kai har ya ce yana ganin jiri ko ya yi amai, kada a ce masa “tashi, kai namiji ne”. Wasansa ya ƙare ranar, a kai shi asibiti.

Batun ɗamara, wadda launinta ke nuna matakin ɗalibi a taekwondo, shi ya fi ba ni haushi. Uba ya matsa, ko ya miƙa ɗan goro, sai a ɗaura wa ɗansa launin da bai kai ba. Kukkiwon, hedikwatar taekwondo da ke Seoul, ba ta ba wanda bai cika shekara 15 ba cikakkiyar baƙar ɗamara, matakin poom yake samu, mai ja da baƙi. Idan uba ya zo da wannan magana, ka ce masa: “Alhaji, ranar jarrabawa ka zo ka zauna ka gani da idonka.”