Yadda ake shirya turare, magani da sauran kayan ruwa a jakar hannu kafin hawa jirgi

A gefen na'urar binciken kaya a filin jirgin sama akwai wani kwando da ba ya rabo da gorunan ruwa, kwalaben turare, man shafawa, wani lokaci har da zuma. Masu kayan nan ba laifi suka yi ba. Sun sa abu a jakar da bai kamata ba ne, kuma ba su ankara ba sai da babbar jakarsu ta riga ta wuce awo, babu halin dawo da ita. Saboda haka aikin a gida yake, tun daren tafiya.

Asalin dokar taƙaita kayan ruwa a jakar hannu daga Ingila ne. A watan Agustan 2006 'yan sandan Birtaniya suka kama wasu mutane da suka shirya tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada, ta hanyar ɓoye sinadarai masu fashewa a cikin gorunan lemo. Da farko an hana shiga da kowane irin ruwa, daga baya aka sassauta zuwa ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi har yau: kowane mazubi kada ya wuce mililita 100, kuma duk a haɗa su a leda ɗaya wadda ake ganin cikinta, mai cin lita ɗaya.

Mataki na farko: ka baje kayanka, ka ware duk abin da ke zuba

A nan mutane suka fi faɗuwa, domin abin da jami'in tsaro ke kira ruwa ya fi abin da muke kira ruwa yawa. Duk abin da za a iya zubawa, ko fesawa, ko shafawa, ya shiga lissafi. Turare da humra, man goge baki, man kitso, basilin, man kaɗanya, lallen da aka kwaɓa, sabulun ruwa, zuma, man shanu, miyar da aka soya aka zuba a roba, duk ruwa ne a wajensu. Kada ka ce ai man shanun ya daskare. Ba za a tsaya wannan gardama da kai ba, ga layi a bayanka.

Busassun abubuwa ba su da wannan matsala: sabulun dunƙule, asuwaki, garin lalle, itacen turaren wuta, ƙwayoyin magani. Inda duk za ka iya musanya na ruwa da busasshe, ka musanya. Sai dai mai zuwa Amurka ya sani cewa gari mai yawa, kamar yaji ko kuka, idan ya haura mililita 350 a jakar hannu ana iya tsayar da shi a ƙara bincike.

Mataki na biyu: ka duba girman kwalbar, ba abin da ya rage a ciki ba

Ledar fiya wata mililita 500 ce, to kashi ɗaya cikin biyar nata shi ne iyakar. Lambar tana rubuce a jiki ko a gindin kwalba. Idan an rubuta 150 ko 200, ko da ɗan ɗigo ne ya rage a ƙasa, karɓewa za a yi. Mai turare na tola, wanda bai fi mililita 12 ba, babu ruwansa da damuwa. Abin da ya yi girma kuma kana buƙatarsa a hanya, sai ka tsiyaya kaɗan a ƙaramar roba mai murfi.

Mataki na uku: leda ɗaya, mutum ɗaya

Ka nemi leda fara tas mai zif, faɗinta kamar santimita 20, tsawonta ma haka. Baƙar ledar kasuwa ba ta yi. Dole ta rufu ba tare da an danna ba. Ka ajiye ta a saman jaka ko a aljihun waje, yadda da ka iso gaban na'ura za ka zaro ta ka ɗora a faranti, ba sai ka tona jaka har tufafin ciki sun bayyana a gaban jama'a ba.

Mataki na huɗu: sauran su tafi babbar jaka, amma a ɗaure su da kyau

Iskar cikin jirgi tana canjawa idan ya yi sama, ga jifa da ake yi da jakunkuna. Buɗe murfin, shimfiɗa 'yar leda a bakin kwalbar, mayar da murfin ka murɗa, ka zagaye da salatif, sannan ka naɗe ta a cikin tufafi a tsakiyar jaka. Wanda ya taɓa ganin shadda fara bayan zuma ta fashe a kanta ba ya ƙara sakaci. Hajiyoyi masu kai tsarabar humra su lura: ko a babbar jaka, turare da abin feshi suna da iyaka, kowace kwalba kada ta wuce rabin lita, jimilla kuma lita 2 ga mutum ɗaya, domin abubuwa ne masu kama wuta. Manja kuwa, a tambayi kamfanin jirgin tukuna, akwai waɗanda ba sa ɗaukarsa sam.

Mataki na biyar: magani da abincin jariri su kasance tare da kai

Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, domin tsoron doka yana sa tsofaffi su jefa maganinsu a babbar jaka, jakar kuma ta makale a wata ƙasa kwana da kwanaki. Dokar ta ware magani. Mai ciwon sukari yana da damar shiga da insulin ɗinsa da allurarsa, mai asma da abin shaƙarsa, ko da maganin ruwan ya wuce mililita 100. A bar shi cikin kwalinsa na asali, a riƙe takardar likita mai ɗauke da sunan da ke fasfo, a kuma nuna wa jami'in tun kafin ya tambaya. Maganin gargajiya da aka jiƙa a gora, babu suna babu takarda, da wuya ya wuce. A tafi da garinsa, a jiƙa a can.

Ke kuma mai goyo, madara, ruwan dama ta, da kunun yaro an yarda ki shiga da gwargwadon abin da zai isa tafiyar. Za su iya buɗewa su gwada. Ki fito da su daban, kada ki cusa su a ledar nan ta lita ɗaya.

Ruwan sha fa? Shanye shi kafin layi, ka wuce da gorar babu komai, ka cika ta a ciki.

Mataki na shida: ka yi lissafin inda za a ya da zango

Wanda ya tashi daga Kano, Abuja ko Yamai, sau da yawa sai ya sauka a Addis Ababa, Alƙahira, Istanbul ko Doha, kuma ana iya sake bincike a can. Abin da aka ɗaga maka ƙafa a kai a gida ba lallai a ɗaga a wurinsu ba. Idan ka sayi babban turare a shagunan cikin filin jirgi, ka ce a sa maka a ledarsu ta musamman da ake liƙewa, da rasit a ciki, kada ka ɓalle ta sai ka isa masauki. Wasu filaye a Turai, irin su Birmingham da Edinburgh, sun kafa sababbin na'urori sun ɗage iyakar zuwa lita 2 a 2025, amma ba ko'ina ba ne, kuma an taɓa ɗagewa a wasu wurare aka dawo da ita a 2024. Ka shirya bisa 100, ka huta.

Alhazai da masu Umra, kada a ɓoye Zamzam cikin tufafi a babbar jaka. Na'ura tana ganinsa, hukumomin Saudiyya sun hana, kuma buɗe jakar za a yi a cire, wataƙila ma ta yi jinkirin isowa. Abin da aka amince da shi shi ne gorar lita 5 da aka rufe a masana'anta, wadda ake miƙawa daban. Alhazan Najeriya da suka bi ta hukuma, nasu kan riga su isowa gida, a sansanin alhazai ko filin jirgi ake damƙa wa kowa idan ya sauka.