Yadda ake auna sa'a kafin a bi zubi a kartar Omaha

A majalisarmu ta Agege, matasan da suka gaji da ludo da wot sun koma buga foka a waya, musamman nau'in da ake kira Omaha. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, shi ya sa da yawa a teburin kwabon wasa suke zama, inda ba a cin kowa. Wasu kuma suna leƙa teburin ƙananan kuɗi. Lissafin dai ɗaya ne, kuma shi ne abin da na ga ana yi wa riƙon sakainar kashi.

Fara da ƙa'idar da ke kayar da sababbi. Kati huɗu ake ba ka, amma dole ka yi aiki da biyu cif daga hannunka da uku daga cikin biyar ɗin da za a shimfiɗa a tsakiya. Ko da kati huɗu masu tambarin zuciya sun fito a tebur, in As ɗin zuciya guda kaɗai ke hannunka, ba ka haɗa biyar masu tambari ɗaya ba. Kati huɗu kuma na ba kowa haɗi shida na bibbiyu, don haka hannun da zai ci a Hold'em, nau'in fokar da kati biyu ake ba kowa, a nan sau da yawa na biyu ne.

Mataki na gaba, ƙirga katunan ceto, wato waɗanda in sun fito hannunka ya cika. Karta 52 ce. Bayan an buɗe ukun farko na tsakiya ka ga bakwai, har da huɗun hannunka, saura 45 a ɓoye. Bayan na huɗu saura 44. In kana da zuciya biyu, tebur na da biyu, saura tara cikin 13. Tara cikin 44 kusan kashi 20 cikin 100 ne. In kati biyu ne suka rage, ya haura zuwa kashi 36. Hanyar gaggawa ita ce ka ninka katunan ceto sau biyu in kati ɗaya ya rage, sau huɗu in biyu ne, sai dai sau huɗun yana zuzuta sa'a idan katunan sun yi yawa.

Yanzu ga inda nake so a tsaya sosai, don a nan kwabo ke zubewa. Ba kowane katin ceto ne mai ceto ba. A ce kana riƙe da J, 10, 7, 6, tebur ya buɗe 9, 8, 2. Katunan da za su ba ka jerin biyar su ne 5 guda huɗu, Q guda huɗu, sai 6, 7, 10 da J uku-uku. Ashirin ke nan, kusan kashi 70 in kati biyu ne suka rage. Wa zai ga wannan bai ji daɗi ba? To amma duba da kyau. In 10 ta fito, mai Q da J ya fi ka. In J ta fito, mai Q da 10 ya fi ka. Shida sun tafi, saura 14 da ke ba ka hannun ƙoli, wanda babu na sama da shi. In kuma 9 da 8 ɗin nan duk zuciya ne, kai ba ka da zuciya ko ɗaya, cire 5, 6, 7 da Q na zuciya, don suna cika wa wani tambarinsa. Saura goma. Goma cikin 45 kashi 22 ne a katin gaba. Dillalin kasuwar Mile 12 ba ya sayen kwandon tumatir da kallon na sama, sai ya tura hannu ƙasa ya ji nawa ne ruɓaɓɓe.

Shin waɗancan goman da ka cire ba su da amfani ne gaba ɗaya? In ku biyu ne kawai a hannun, ni nakan ƙirga rabinsu. In ku huɗu ne ko biyar, kamar yadda aka saba a ƙananan tebura inda kowa ke son ganin ukun farko, ɗauka cewa wani na riƙe da abin da kake tsoro.

Daga nan sai ka tambayi farashi. Raba abin da za ka biya da jimillar abin da zai taru bayan ka biya. A ce tukunya, wato kuɗin da aka tara a tsakiya, na da naira 600, abokin karawa ya zuba 600, kai ma 600 za ka sa: 600 cikin 1,800, kashi 33. In rabin tukunya ya zuba, 300 cikin 1,200, kashi 25. A nau'in da aka fi bugawa ba a yarda a zuba fiye da girman tukunya ba, don haka kashi 33 shi ne mafi tsadar farashin da zubi ɗaya zai nema daga gare ka. Sa'arka ta wuce farashi, bi. Ba ta kai ba, ajiye. Mai jiran zuciya da kashi 20 a kati na ƙarshe ya yi asara ko a rabin tukunya, sai fa in yana da As ɗin kuma ya san mutumin nan zai sake biya bayan zuciyar ta fito. Kada kuma ka yi amfani da lissafin kati biyu alhali za a sake neman kuɗi a na huɗu; wannan lissafin na wanda kwabonsa ya ƙare a tukunya ne.

Abu biyu na ƙara wa farashin nauyi. Na farko, masu dandalin suna yankar kamasho daga tukunya, kuma a ƙananan tebura yankan ya fi ciwo, don haka in sa'a da farashi sun zo kunnen doki, ajiyewa ce daidai. Na biyu, wurin zama. Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi, yana iya ganin kati kyauta. Wanda ke farko yana tafiya ne a duhu, sai ya rage hannuwan da yake shiga da su.

As biyu kuwa, kada su ruɗe ka. A Hold'em suna cin ƙaramin tagwaye kusan sau huɗu cikin biyar, a Omaha kuma hannu mai jere irin 9, 8, 7, 6 yana bin su kusa-kusa. In ukun farko sun zo 7, 6, 5 kuma mutum biyu na zubi, As ɗinka sun zama takarda.

Agogon dandali daƙiƙu kaɗan yake bayarwa, in kuma intanet ta yanke a cunkoson gadar Third Mainland, yana iya ajiye maka hannunka ba da son ranka ba. Saboda haka ka haddace lambobi huɗu tun kana gida: 20 da 36 na tambari, 25 da 33 na farashi. Sauran ƙirga ce da yatsu, ka fara ta tun kafin layi ya zo kanka.