Yadda Ake Tantance Iƙirarin Kamfanonin Tufafin Alfarma Kan Kare Muhalli

Tsadar kaya ba hujja ba ce cewa an yi shi ba tare da cutar da muhalli ba. Kada ka tsaya a kan talla, nemi rahoton shekara na uwar kamfanin: Kering ce ke da Gucci da Balenciaga, LVMH kuma ke da Dior da Louis Vuitton.

Fara da lissafin hayaƙin da ke ɗumama duniya. Gida uku ake kasa shi. Na ɗaya da na biyu na shaguna ne da ofisoshi da wutar lantarki. Na uku, wanda za ka gani da sunan Scope 3, ya haɗa gonaki, majemu, masaƙu, rini da sufuri, kuma a wannan sana'a yakan haura kashi 90 cikin 100. Kamfanin da ke yabon fitilun shagonsa amma ya yi shiru kan majema ya bar jaki yana dukan taiki.

Sai ka duba yadda aka auna ragin. Wasu suna raba hayaƙi da kuɗin ciniki. A nan ake yaudarar mutane: in aka ƙara wa jaka farashi, adadin zai sauka a takarda ko da hayaƙin bai ragu da kilo ɗaya ba. Nemi jimillar tan, da shekarar da aka fara ƙirgawa. Kering, alal misali, ta yi alƙawarin rage jimillar da kashi 40 cikin 100 zuwa 2035, bisa adadin 2021. Irin wannan alƙawari ana iya bin diddiginsa kowace shekara.

Ragin da aka samu ta hanyar biyan kuɗin dashen itatuwa a wata ƙasa, ware shi gefe. Masana'antar ba ta canza ba.

Karanta 'yar takardar da ke cikin rigar. Gashin kashmiya (lallausan gashin wasu awaki) na rigar sanyi guda yakan fito daga awaki kamar huɗu, kuma yawan kiwonsu ya cinye ciyawar filayen Mongoliya. In fata ce, tambayi inda aka yi kiwon saniyar, da ko majemar tana tace ruwan sinadarin kuromiyam kafin ta zubar.

Tambayi makomar kwantai kuma. A 2018 Burberry ta Birtaniya ta bayyana cewa ta lalata kayan fam miliyan 28.6 cikin shekara guda, sannan ta daina. Faransa ta haramta lalata tufafin da ba a sayar ba tun 2022. Ka ga ko rahoton ya faɗi yawan kwantan da inda aka kai shi.