Kurakuran kwalliyar biki da na gaji da gani a Jos

Sana'ata shirya amare ce a nan Jos, kuma duk kakar biki kuskuren bara nake sake gani a jikin sababbin 'yan mata.

Babbansu baƙin lalle. Lallen gaskiya ruwan goro yake fara kamawa, ya rine zuwa ja mai duhu. Wanda ke fitowa baƙi wuluk cikin rabin awa galibi an haɗa shi da sinadarin PPD, wato na rinin gashi, kuma fatar wasu ba ta ɗaukarsa. Ƙanwata aka zana wa shi ana saura kwana kaɗan ɗaurin aurenta. Ranar kamu hannun ya kumbura, kowane fure ya tashi ya ɗuri ruwa, zobe ma ya ƙi shiga. Kuɗin da na ware na kayan kicin ɗinta a magani ya ƙare, tabon zanen kuwa har yau yana nan. Mai ƙunshin cewa ta yi wai jininta ne ba kyau! Ku kuma 'yan mata, haba! Kuna jin yana zugi kuna cewa "kamawa yake yi"? A wanke nan take, idan ya tashi a tafi asibiti, kada a tsaya shafa man shanu. Ni dai amaryata ja nake yi mata, da lemon tsami da ɗan sukari, kwana 2 kafin biki don ya nuna.

Sai shadda. Mace ta zuba kuɗi a Getzner, sawa ɗaya ta jiƙa ta a omo ta shanya a tsakar rana, ta dawo tana zagin ɗan kasuwa. Ke kika kashe mata maiƙo. Tawa iska nake bari ta sha. In wanki ya zama dole, ruwan sanyi da sabulu mai laushi, a shanya a inuwa, a kai wa masu bugu.

Sauran ƙanana ne. Leshi shara-shara a dinar dare cikin hunturun Disamba, ki kwana da mura. Ɗauki mayafi mai kauri. Humra, turaren wuta da na feshi a lokaci guda, zaɓi biyu. Anko kuma a kai wa tela da wuri, ba ana jibi biki ba.