Yadda na raba gardamar FreeType da HarfBuzz

Alhamdu lillahi, kwana ukku ina fama da abin ga, jiya da dare dai ya tafi. Ina harhaɗa fakiti na .deb ne, wato irin fakitin girka manhaja na Linux ɗin Debian da danginsa, don tsofaffin kwamfutocin da muke koyar da yara da su nan Sakkwato, sai na iso kan FreeType da HarfBuzz, manhajoji biyu masu taimaka wa kwamfuta nuna rubutu: FreeType na zana haruffa, HarfBuzz na tsara su. Wajen ginawa, FreeType ya ce sai da libharfbuzz-dev (fakitin HarfBuzz), shi kuma HarfBuzz ya ce sai an ba shi libfreetype-dev (fakitin FreeType), kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara, kamar kaza da ƙwai.

Da farko na ɗauka ma'ajiyar fakitina ce ta lalace, na yi ta apt update (apt shi ne mai girka fakiti) a banza, data ta ƙare. Na gwada dpkg-buildpackage -d don ya tsallake binciken fakitin da ake bukata, amma configure, mai shirya ginin, ya tsaya saboda a debian/rules, fayil ɗin umarnin gini, na sa --with-harfbuzz=yes.

Ashe FreeType na iya ginuwa ba HarfBuzz, zaɓi ne kawai. Sai na buɗe debian/control, inda ake jera fakitin da ginin ke bukata, na mai da layin libharfbuzz-dev <!stage1>, wato ba a bukatarsa in ana gini da profile (yanayin gini) mai suna stage1, a debian/rules kuma na sa sharaɗi in akwai stage1 cikin DEB_BUILD_PROFILES a ba configure --with-harfbuzz=no. Na ƙara ~stage1 a ƙarshen lambar sigar, wannan kar a manta da shi, don alamar ~ na sa apt ya ɗauke ta ƙasa da ta gaske, in ba haka ba gurgun FreeType ɗin da ba HarfBuzz zai zauna daram. Na gina da dpkg-buildpackage -b -Pstage1, na girka shi, na gina HarfBuzz a kansa, sannan na cire ~stage1 na sake gina FreeType cikakke, apt ya maye gurbin na farkon da kansa.

Malam Bello da ya tuna min zancen profile, Allah ya saka da alheri.