Yadda ma'aikacin gwamnati zai ci moriyar inshorar lafiyarsa

Akwai wani abokin aikina da sunansa ya shekara wajen bakwai a cikin inshora amma bai taba taka asibitin da aka rubuta masa ba, wai shi bai yarda da abin ba, har ranar da 'yarsa ta kwana da zazzabi mai zafi aka ba ta gado aka yi mata karin ruwa, ya biya komai daga aljihu har da cin bashi, daga baya muka duba sai ga sunan yarinyar nan a rajista tun tuni. Wallahi abin ya dade yana damu na, kuma irinsa suna da yawa a ofisoshinmu.

Tsarin ba sabo ba ne. An yi dokar NHIS, wato tsarin inshorar lafiya na kasa, a 1999, ta fara aiki a 2005 zamanin Obasanjo da ma'aikatan tarayya, a 2022 kuma Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar da ke kula da tsarin ta koma NHIA, inshorar lafiya ta zama dole a kan kowa. Jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, wanda mutane suka fi sani da taimakekeniya.

Da farko dai ka tabbatar kana ciki. Je ka wurin jami'in da ke kula da inshora a ma'aikatarku, yawanci yana bangaren mulki, ka tambaye shi abu uku: lambar inshorarka, sunan HMO dinka wato kamfanin da ke tsakaninka da asibiti, da asibitin da aka sa ka. Ka tafi da NIN da takardar albashi. In ma'aikacin jiha ne kai, ofishin hukumar jiharku za ka nufa.

Na biyu maganar iyali, kuma nan ne mutanenmu da yawa suke juya baya. A tsarin tarayya ana daukar kai da mata daya da 'ya'ya hudu na cikinka 'yan kasa da shekara 18. To mai mata biyu ko uku da yara goma sha fa? Shi ya sa wasu ke cewa a bar shi kawai kar a hada fitina a gida. Ni dai ban ga dalilin barin ba, domin ana iya kara sauran iyali a biya musu wani kudi daban, ka tambayi nawa ne kafin ka yanke hukunci. Ka zauna da matanka ku yi magana a fili, wacce ke da juna biyu ko mai hawan jini ita ta fi bukata yanzu, haka ma yaron da ke da sikila. Kuma da zarar yaro ya cika 18 ka je a cire shi a sa kaninsa, kar gurbin ya zauna a banza.

Na uku, zaben asibiti. Kar ka zabi babba don suna, zabi wanda za ka iya kaiwa da karfe biyun dare, wanda makwabta suka shaida yana da magani a kantinsa. Asibitin nan ana biyansa kudi a kan kanka ko ka je ko ba ka je ba, don haka ba alfarma suke maka ba. In bai yi maka ba kana da damar cike fom ka sauya bayan wata shida.

Na hudu, kar ka jira ciwo. Ka je wata rana kana lafiya lau ka bude fayil, ka sa a duba sunan kowa a lis dinsu, don kuskuren harafi daya a suna ya isa a ce maka "ba ka ciki" ranar da kake dauke da mara lafiya a kafada.

Wajen magani kashi 10 cikin 100 na kudinsa kawai za ka biya, ka karbi rasit. In an ce babu maganin a je waje a saya, kar ka yi shiru ka fita, ka kira HMO dinka a nan take tun kana tsaye a gaban taga, lambarsu ta kasance a wayarka da ta uwargida.

In ciwon ya fi karfin asibitinka za su tura ka gaba, amma sai HMO ta ba da lambar amincewa. Nan ake bata wa mutane lokaci, a 2025 hukumar NHIA ta ba da umarnin a rika bayar da lambar nan cikin awa daya, ka fada musu ka san da wannan. In larurar gaggawa ce kuwa, ya kamata a fara duba mara lafiya tukunna.

In duk ka bi wadannan aka ci gaba da yi maka wasa da hankali, rubuta korafi da kwanan wata da lambar inshorarka, ka hada da kwafin rasit, ka kai ofishin NHIA na jiharku, ka ba shugaban kungiyar kwadago ta ofishinku kwafi daya, daya kuma ka ajiye a gida.