Gidanka ne, amma da sharaɗi: baƙi da haya a unguwannin Amurka

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya saba da cewa mai gida ke da ƙofarsa. Wanda ya ga dama zai sauke, ko wata nawa baƙon zai yi, babu mai tambaya. A yawancin sababbin unguwannin Amurka ba haka ake yi ba. In ka sayi gida a bayan garin Houston, Atlanta ko Orlando, da wuya ka tsira daga ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda suke kira HOA. Fiye da mutum miliyan 70 ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi. Sharuɗɗansu suna cikin wani kundi mai suna CC&R da aka yi wa rajista a ofishin gunduma, kuma a jikin gidan suke, duk wanda ya saya sun hau kansa, ya karanta ko bai karanta ba.

'Yan'uwa da yawa suna sayen gida da lissafin za su riƙa sa ɗaki ɗaya a Airbnb, manhajar ba da hayar masauki na 'yan kwanaki, don rage nauyin bashin banki, ko su ba da gidan duka in sun tafi ganin gida. Nan ake fara karo. Ƙungiyoyi da dama sun hana hayar da ba ta kai kwana 30 ba, wasu sai ta wata shida ko shekara, wasu kuma sun ƙayyade yawan gidajen da za a ba da haya a lokaci guda, sai ka shiga layi.

Dokar ma ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kalifoniya, tun farkon 2021 ƙungiya ba ta da ikon taƙaita haya ƙasa da kashi 25 cikin 100 na gidajen, amma an bar mata damar hana ta kwana 30 zuwa ƙasa. A Texas, a shari'ar Tarr da Timberwood Park ta 2018, kotun ƙolin jihar ta ce rubuta cewa gida na zama ne kawai bai isa ya hana gajeriyar haya ba. Kada wannan ya ruɗe ka, domin ƙungiyoyi da yawa sun koma sun rubuta hanin ɓaro-ɓaro. Ga kuma dokar gari a kan ta ƙungiya: a birnin New York, tun Satumban 2023 in gajeriyar haya za ka bayar sai ka yi rajista, kana cikin gidan tare da baƙin, kuma kada su wuce biyu.

Abin da ya fi shafar mu shi ne baƙon da ba ya biyan ko sisi. Uwa ta zo zaman jego da bizar ziyara, za ta yi watanni. A wurinmu ita ce ma mai gidan, amma a takardarsu baƙon da ya wuce mako biyu ko wata guda yakan zama mazauni, sai an rubuta sunansa. Ni dai shawarata, ka aika wa ofishin ƙungiya wasiƙa kafin Hajiya ta sauka, ka ajiye amsarsu. In haya kake yi, duba yarjejeniyarka, domin mai gida zai ɗora maka duk tarar da aka ci shi saboda kai.

Ranar suna ko walimar Sallah, motoci ne ke jawo rigima. Wasu unguwanni ba a kwana da mota a bakin titi, wurin baƙi kuma sai da takardar izini, in babu a janye motar, mai ita ya je ya biya kafin a sake ta. Inda ake da ƙofar shiga mai gadi, ba da sunayen baƙi tun da wuri, kada ka watsa lambar ƙofa a zauren WhatsApp. In taron zai yi girma, ɗauki ɗakin taron unguwar ko na masallaci. Ragon layya kuwa a kai shi gona ko mayanka.

Kada ka raina wasiƙar tara. A Florida tana iya kai dala 100 kowace rana har ta taru dala 1,000, amma sai an ba ka sanarwar kwana 14 da damar kare kanka. Kuɗin wata-wata na ƙungiya ya fi haɗari, don in ya taru ana iya ɗora bashin a kan gidan, har a kai ga sayar da shi.

Ƙungiyoyin su ma akwai inda aka taka musu birki. Dokar adalcin gidaje ta 1968 ta hana bambanci saboda addini, launin fata ko ƙasar asali, a 1988 kuma aka ƙara iyali masu yara. In ka ga baƙin maƙwabci suna cika titi ba a ce uffan ba, naka kaɗai ake rubuta wa takarda, ɗauki hotuna da kwanan wata, ka kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, kafin shekara ta cika da faruwar abin.